FILIN MANOMA: In Tsohuwar Mota Ta Ƙi Tashi

Aikin manomi ba ya ƙarewa a gona, sai amfanin ya isa kasuwa. Masara da dawa sa iya jiran mota su kai Dawanau ko da bayan mako guda ne, amma tumatir da tattasai ba su jiran kowa. Kwandon da aka tsinka a Kadawa yau, in ya kwana uku a gefen hanya, sai dai a zubar. Motocin da ke wannan jigila kuwa da yawansu tsofaffi ne masu shan gas, irin su Mercedes 911 da Bedford. Saboda haka ya kamata mai mota, ko jam'iyyar manoma da ta haɗa kuɗi ta saya, su san inda a ke fara neman ciwo.

Inji abu uku ya ke bukata, watau wuta da mai da iska. Kada a yarda makanike ya sauke inji sai an duba ukun nan bi da bi, gama sau da yawa gyaran na 'yan kuɗi kaɗan ne.

Wuta

Injin gas ba shi da fulogi. Zafin iskar da fistin ya matse shi ne ke kunna mai, don haka tilas batir ya juya inji da sauri. In an murɗa makulli mota ta ƙi tashi, a kunna fitilun gaba a sake murɗawa. In fitilu suka dushe ƙwarai, to, batir ya yi sanyi, ko kuwa kansa ya yi datti. In suna nan da haskensu amma inji bai motsa ba, laifin kik ne ko wayarsa.

Farin garin nan da ke taruwa a kan batir yana tare wuta. A fara kwance wayar da ke haɗe da jikin mota, sa'an nan ɗayar, a wanke su da ruwan ɗumi da 'yar kanwa, a goge, a ɗaure tam. A kula kada ruwan kanwa ya shiga cikin batir. Batir mai volt 12 in ya cika ya kan nuna wajen 12.6, in inji na aiki kuma wajen 14. Wanda bai kai haka ba, a duba fanbel ko ya saki.

Mai

In inji na juyawa sosai amma bai kama ba, ko mota ta riƙa shaƙewa a kan hawa, sai a koma wajen mai. Gas ɗin da a ke saye a jarka ya kan zo da ƙasa da ruwa. Ruwa ya fi gas nauyi, ya kan kwanta a gindin tanki da na filta. A kwance ƙusar da ke ƙasa a tsiyaye shi, filtar da ta toshe kuma a canja ta. Da hunturu tankin da ya kwana ba mai da yawa ya kan yi raɓa a ciki, don haka gara a cika shi da yamma.

Har wa yau, in mai ya ƙare a hanya ko an canja filta, iska ta kan shiga bututu. A sassauta ƙusar kan filta, a yi ta danna famfon hannu har kumfa ya ƙare, gas zalla ya fito, kana a ɗaure.

Iska

Ƙurar hanyoyin ƙauye ita ce babbar abokiyar gaban inji. In matacin iska ya toshe, mota ta kan rasa ƙarfi, ta riƙa baƙin hayaƙi, ta sha mai a banza. Irin na dā mai kaskon mai, a wanke shi da kananzir, a zuba sabon baƙin mai daidai alama. Na takarda kuwa ba a wanke shi, sai a kakkaɓe a hankali ko a sake sabo.

In duk an yi wannan

Wani lokaci inji lafiya lau ya ke. In yana ruri amma mota ba ta ƙara gudu, kuloci ne ya cinye. In ƙafa ɗaya ta yi zafi fiye da sauran, birki ne ke kamawa. Lodin da ya wuce kima shi ma ya kan kashe ƙarfin mota.

Amma shuɗin hayaƙi alama ce inji na cin baƙin mai, watau ringi ya gaji. Farin hayaƙin da ba ya ɗaukewa bayan inji ya yi zafi kuwa, ko nozul ne, ko ruwa na shiga inji. Waɗannan aikin gareji ne, kada a taɓa su a gida.

Duban nan duka a yi shi tun ana sauran kwanaki a fara tsinka, ba ran da kwanduna ke jere a bakin gona ba. Motar da ta ƙi tashi a ƙofar gida ta yi wa mai ita rangwame, gama da muguwar rawa gara ƙin tashi.