Riƙon marayu a gidajen Kirista: darasin Kano ga ƙasar Arewa

A ƙasar Arewa, watau gundumomin Dogon Dutsi da Tibiri cikin jahar Doso, idan mace ta rasu ta bar jinjiri, ba a tashi zaman makoki sai an san wadda za ta goya shi. Ko kaka, ko inna, ko gwaggo, wata za ta ɗauki zanen goyo. Wannan al'ada ta riƙo ita ce ta tsare yara da dama a cikin yunwar 1973-1974 da ta 1984-1985, lokacin da gidaje suka watse wajen neman abinci.

Amma akwai yaran da riƙon dangi bai kai gare su ba. Akwai jinjirin da aka tsinta a cikin kango, ba a san uwarsa ba. Akwai yaron da ya gudu daga gida saboda duka da horon yunwa. Akwai kuma wanda manyan gidansu suka tafi cin rani ba su komo ba, aka bar shi a hannun tsohuwa wadda ita kanta tana bukatar mai kula da ita. Gundumomin nan biyu, bisa ga ƙidayar 2012, suna da mutane fiye da 640,000, kuma yara ne suka fi yawa a cikinsu. Saboda haka tambayar inda za a kai irin waɗannan yara ta shafi kowane gari, daga Matankari har Dumega.

Gida mai uwa da uba

Ɗaya daga cikin amsoshin da aka bai wa wannan tambaya ta fito ne daga wajen Kirista. Maimakon a tara yara ɗari a cikin babban ɗakin kwana, ma'aikata suna karɓa-karɓa kamar a asibiti, sai a samu miji da mata, ko mace guda mai haƙuri, su zauna da yara kaɗan a gida ɗaya. Tukunya ɗaya, tsakar gida ɗaya. Yaran suna ce musu baba da mama, suna zuwa makarantar unguwa, babba yana goyon ƙarami, kuma ranar Lahadi ana zuwa majami'a tare.

Maganar ba baƙuwa ba ce ga mutanen Arewa, domin kuwa Kirista sun daɗe a cikinsu. Mishan ta Katolika ta zauna a Dogon Dutsi tun 1947, mishan ta SIM kuma ta yi aikin magani a Gesheme, wadda yanzu take cikin gundumar Tibiri tun da aka raba ta da Dogon Dutsi a 2011. A Doso, babban birnin jaha, akwai ƙauyen yara na SOS. Wannan ƙungiya ba ta wata majami'a ba ce, amma tsarinta shi ne wanda muka bayyana: uwa, ƴan'uwa, gida. Hermann Gmeiner ne ya kafa ta a garin Imst na ƙasar Ostiriya a 1949, domin yaran da yaƙin duniya na biyu ya mayar marayu, kuma ta buɗe ƙauyenta na farko a Nijar a Yamai cikin 1993.

Masana sun auna amfanin wannan tsari. A shekara ta 2000 aka fara wani bincike a Bukarest, babban birnin Rumaniya, a kan yara ƙanana 136 da ke manyan gidajen marayu na gwamnati. Aka ɗauki rabinsu aka ba iyayen riƙo, aka bar rabi inda suke. Da aka bi sawunsu shekara da shekaru, sai aka ga waɗanda suka shiga iyali sun fi sauran kaifin hankali da saurin magana da shaƙuwa da mai renonsu, musamman waɗanda aka ɗauka kafin su cika shekara 2. Abin da kakanninmu suka sani ke nan: abinci da gado ba su isa su raya ɗa ba, sai da mutum guda wanda zai san kukansa.

To, idan haka ne, ina wuyar take? Wuyar ita ce, yaron da aka tsinta yana da asali ko da ba a san shi ba, kuma a ƙasar da mafi yawan jama'a Musulmi ne, gidan Kirista da ya ɗauke shi sai an tambaye shi: wa ya ba ka wannan ɗa? Abin da ya auku a Kano, maƙwabciyarmu ta kudu, ya nuna yadda tambayar ke iya zama masifa.

Shari'ar gidan Du Merci

A 1996 Farfesa Solomon Tarfa da matarsa suka buɗe gidan yara mai suna Du Merci a birnin Kano. Suna karɓar jariran da aka yasar, suna kuma ba ƴan matan da suka yi ciki ba aure masauki har su haihu, sa'an nan su nemi sulhunta su da iyayensu. Jaririn da ba a nema ba sai su riƙe shi kamar ɗan cikinsu.

Ranar 25 ga watan Disamba na 2019, ƴan sanda da ma'aikatan hukumar yaƙi da fataucin mutane ta Najeriya suka shiga gidan, suka kama maigidan, suka kwashe yara 19. Bayan ƴan kwanaki aka ɗauko wasu 8 daga reshen gidan da ke Kaduna. Dukansu 27 aka kai su gidan yara na gwamnati da ke Nasarawa cikin Kano. Hukuma ta ce gidan ba shi da izini kuma yaran sato su aka yi. Masu goyon bayan gidan kuwa suka ce don addini aka yi abin, har suka yi ƙorafin cewa ana matsa wa yaran su bar addinin da suka tashi a ciki.

Maigidan ya yi kusan shekara guda a tsare kafin a ba da belinsa a watan Disamba na 2020. A watan Yuni na 2021 babbar kotun Kano ta wanke shi daga laifin satar yara. A watan Maris na 2022 aka yanke masa ɗaurin shekara 2 bisa tuhumar cewa takardar rajistar gidan ta jabu ce, kotun ɗaukaka ƙara kuma ta soke wannan hukunci a farkon 2023. Duk da haka, da shekara ta 2025 ta kama, yara 16 ba su koma gidan da suka sani ba. Wanda aka ɗauke yana ɗan shekara 4 ya kai shekara 9 a hannun waɗanda bai sani ba.

Ba mu ne alƙalan wannan shari'a ba. Amma mai karatu ya lura: manya sun yi gardama a kan takarda da addini, yara ne suka biya. Haka aka gani a Yamai cikin watan Janairu na 2015, lokacin tarzomar da ta biyo bayan zanen ɓatanci na wata jaridar Faransa, inda ƴan sanda suka ƙirga majami'u 45 da aka ƙona, tare da gidan marayu guda da makarantar Kirista. Kuma shakkar da jama'a ke yi wa masu tara yara ba ta rasa tushe ba. A watan Oktoba na 2007 hukumomin Cadi suka tsayar da wata ƙungiyar Faransawa a Abeshe tana shirin fita da yara 103 da ta ce marayun Darfur ne, alhali bincike ya nuna mafi yawansu suna da uwa ko uba a raye.

Abin da doka ta shimfiɗa

Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara a 1990. Sashe na 20 na yarjejeniyar ya ɗora wa gwamnati nauyin samar wa yaron da ya rasa iyali wani wurin zama, ya ambaci riƙo da kafala ta shari'ar Musulunci, ya kuma ce a duba ƙabilar yaron da addininsa da harshensa. A 2009 Majalisar ta ƙara da wasu ƙa'idoji: talauci kaɗai bai isa ya sa a raba ɗa da iyayensa ba, kada a raba ƴan'uwa, kuma yaron da bai kai shekara 3 ba a cikin iyali ya kamata ya tashi. A ƙasarmu, tun 1999 doka ta kafa alƙalin yara, wanda shi ke da ikon cewa ga inda za a ajiye yaron da ke cikin hatsari.

Saboda haka duk wanda ya yi niyyar wannan aikin alheri a ƙasar Arewa, Kirista ne ko Musulmi, hanya a fili take. Kada yaro ya kwana a gidansa ba da sanin maigari da ma'aikatan kula da yara ba, kuma a nemi umarnin alƙali a rubuce. A yi wa yaron takardar haihuwa da wuri, domin in babu ita ba zai zauna jarrabawa ba. A ci gaba da cigiyar danginsa, in an same su a bar ƙofa buɗe, su zo su gan shi, shi ma ya je salla da biki. Idan an san addinin iyayensa, a yi magana a kai tun ranar farko a gaban shaidu, limami da fasto su san abin da aka shirya. Hukuma kuma, a nata ɓangaren, ta riƙa ziyartar gidajen nan a kai a kai, ta gyara kuskure tun yana ƙarami, kada ta jira ranar da za ta zo da mota ta kwashe yara.

Hausawa sun ce ɗa na kowa ne. Amma jinjirin da aka tsinta a kango sai mutum guda ya tashi da dare ya ba shi madara. Wanda ya ɗauki wannan nauyi ya cancanci godiya, ya kuma wajaba ya bi doka, domin ita ce za ta tsare shi, ta tsare yaron. Allah ya raya mana zuriya.