Jaki Mai Cin Batir

Duk wanda ya yi ƙuruciya a ƙauye ko a unguwar bayan gari ya san motar kara. A ɓare kara, a soke tsakiyarsa mai laushi da tsinkayen bawonsa, a yanko tsohon silifa a yi tayoyi, a ɗaura zare a gaba. Inji kuwa bakinka ne. Da mun fara tsiro da gemu muka bar wa ƙannenmu. To a Amurka da Japan da ƙasashen Turai akwai magidanta, wasu har da furfura, da ba su bari ba. Sun dai canza zaren da rimot.

Ba irin motocin roba da ake saya wa yara da Sallah nake nufi ba, waɗanda kafin a gama cin nama sun mutu. Waɗannan motoci ne na sosai da aka ƙanƙantar. Yawancinsu kashi ɗaya cikin goma ne na girman motar gaske, tsawonsu bai wuce kamu guda da 'yan kai ba, amma akwai giya, akwai shakazoba mai mai a ciki, da yawansu tayoyi huɗun duka suna ja, kuma kowane ƙarfe da ya karye ana sayar da madadinsa. Kamfanin Tamiya na birnin Shizuoka a Japan ya fitar da motarsa ta farko mai rimot a 1976, samfurin Porsche, ta kan kwalta. A 1979 ya fito da masu shiga rairayi, a 1981 kuma ya ƙera 'yar ƙaramar Toyota Hilux mai giya uku, wato ƙanwar wannan da muke labta wa buhuna ranar kasuwa. A 1987 ya kawo Clod Buster, mai ƙattin tayoyi, yana kwaikwayon irin su Bigfoot, motar da Bob Chandler ya ƙera a jihar Misuri wadda ke bi ta kan wasu motoci tana murƙushe su a gaban 'yan kallo. Traxxas na jihar Texas, da aka kafa a 1986, shi ya yi suna wajen sayar da mota a haɗe, ba sai mutum ya kwana uku yana ɗaure noti ba.

Daga nan gidan ya rabu biyu. Ni dai da na dube su sai na ga doki da jaki.

Dokin shi ne mai gudu. Akwai waɗanda ke haura kilomita 80 a awa ɗaya, a auna su da tudun ƙasa su tashi sama su yi adungure su dira, ƙura ta turnuƙe. Na da suna shan wani mai da ake haɗawa da methanol, ga hayaƙi ga ƙara; na yanzu galibi batir ne. Sukuwa ce ta ranar hawan Sallah, kallo ya ƙayatar, kowa na sowa. Kuma mai shi yana shan abin da mai doki ke sha. Wanda ya taɓa ɗaure doki a turke ya san saye shi ne mai sauƙi, harawa da dusa da kanwa ke cinye mutum. Haka nan duk fita sai an dawo da ƙafa a karye ko haƙorin giya a zube. Ban raina su ba, amma bayan minti goma na gama ganin abin da zan gani.

Jakin ne ya riƙe ni. Shi ne mai hawan duwatsu, wanda kamfanin Axial na Kalifoniya ya yaɗa da Scorpion a 2007, ya biyo da SCX10, sannan Traxxas ya shigo da TRX-4 a 2017 sanye da jikin Land Rover. Saurin jakin nan a kan duwatsu bai fi tafiyar mutum da ƙafa ba. Sai ka ga ƙato da jakarsa a baya yana bin 'yar mota a sannu cikin daji, ta tsaya ya tsaya, ta karkace ya karkace da ita har da cije leɓe. Wallahi ba abin da ya tuno mini irin kakana a bayan jakinsa da rani, lokacin kai taki gona.

Kakan nan nawa ba ya barin kowa ya yi wa jakinsa lodi. Sai ya daidaita akumari, ya ɗora mangala, ya riƙa zuba taki kwando ɗaya dama kwando ɗaya hagu, yana tura shi can ƙasa da hannu. In ɓangare ɗaya ya rinjaya sai ya nemo dutse ya jefa a ɗayan. Na taɓa tambayarsa, Kaka, ba ƙara masa nauyi kake yi ba? Ya ce nauyi ba ya kayar da jaki, inda aka aje shi ke kayar da shi. Masu waɗannan motoci abin da suke ta fama da shi ke nan. Suna sayen dunƙulen tagulla su ɗaura a jikin ƙafafun gaba, dab da ƙasa, su matsar da batir gaba, domin in motar ta ɗaga kai tana hawan falalen dutse kada ta kife ta baya. Sabon shiga kuwa, da ya samu kuɗi sai ya cika rufin da kwalliya: 'yan jarkoki, 'yar shebur, tayar safiya, fitilu jere. Ta yi kyau a hoto. Karkata ta farko sai ga ta tayoyi sama, tamkar motar kasuwar ƙauye da aka yi wa lodi har ya fi ta tsawo, aka kuma ɗora fasinja a kai.

Tayoyin ma abin kallo ne. Ba iska a cikinsu, soso ake cusawa, robar kuma laushi gare ta har kana iya matse ta da yatsu biyu. In ta hau kan dutse sai ta baje ta rungume shi. A nan jakin ya aro ƙafar raƙumi, wadda ke shimfiɗuwa a kan rairayi maimakon ta nutse. Soson ya yi tauri, taya ta riƙa zamewa. Ya yi laushi da yawa, ta lanƙwashe a gefen gangara. Mutum na iya shafe wata yana gwada soso.

Sai maganar da duk wanda ya taɓa tura mota a taɓo da damina zai gane. Ka tuna yadda taya ɗaya ke ta wulwulawa tana watsa wa masu turi laka, 'yar uwarta da ke kan busasshiyar ƙasa kuma ta yi tsaye ƙiƙam? Laifin wani kwandon giya ne da ke tsakanin tayar dama da ta hagu. An sa shi ne don a kwana tayar waje ta fi ta ciki juyawa, amma da ɗaya ta rasa abin kamawa sai duk juyin ya tafi gare ta. A motar hawan dutse kulle shi ake yi, tayoyin biyu su zama kamar shanun huɗa a ƙarƙashin karkiya ɗaya, ba mai wuce wani. Ko ɗaya na lilo a sama, ɗayar na ja. Kuɗin da ake biya shi ne kwana ta yi faɗi, kamar dai yadda juya shanu a ƙarshen kunya ke cin fili. TRX-4 ta zo da dabarar kullewa da buɗewa daga rimot, abin da da manomi zai samu da ya yi murna. Har taurin kan jaki sun kwaikwaya: ka saki totur a tsakiyar gangara, motar ta ƙame a wurin ba ta silalowa, domin an saita ta ta riƙe burki da kanta. Mukan zagi jaki in ya turje a bakin kwazazzabo, alhali sau da yawa shi ya ga abin da ba mu gani ba.

Gasarsu ma ba ta wanda ya riga isa ba ce. Ana jera alamu bibbiyu a kan duwatsu kamar ƙofofi, mota ta bi ta tsakani. Ka ja da baya, tara. Ka taɓa alama, tara mai nauyi. Ta kife ka sa hannu ka tayar, tara. Wanda ya fi ƙarancin tara shi ya ci. Yarinyar da aka aika rijiya ai ba a tambayarta minti nawa ta yi, bakin bokitin ake dubawa a ga nawa ya zube.

A da akwai wata fitina. Rimot da yawa na aiki ne a zangon rediyo na 27MHz, mai layuka shida kacal da ake bambantawa da launin ƙyallen da aka ɗaura a eriya. In mutum biyu suka dace a launi ɗaya, sai ka murɗa sitiyari motar wani ta amsa, kamar ka shiga gidan biki ka ƙwala kiran Abba yara biyar su waiwayo. Tun tsakiyar shekarun 2000 da aka koma 2.4GHz, kowace mota rimot ɗinta kawai take ji. Garke ne ya dawo da magariba, kuka ya cika gari, amma kowace tunkiya ta san muryar ɗanta.

Abincin motar kuwa ya fi na jaki tsada da haɗari. Batirin lithium da suke kira LiPo, kowane ɗaki nasa bolt 3.7 ne, in ya cika 4.2. Ka tsotse shi ƙasa da 3 ya lalace, ka aje shi a cike makonni ya fara kumbura, shi ya sa ake barinsa wajen 3.8 in za a ajiye. Wanda ya kumbura ko ya huje yana iya kamawa da wuta, don haka masu hankali a cikin jaka mai jure wuta suke caji, kuma ba sa barci su bar shi. Jarkar fetur ce a ƙarƙashin gado, kowa ya san yadda ake zama da ita.

Inda kwatancena ya fara ɗingishi shi ne, jaki na kawo kuɗi gida, motar kuwa fitar da su take yi. Ɗaruruwan dalolin da ake zubawa a mai kyau guda ɗaya za su sayi jaki mai rai har a yi canji. Sannan jaki ya san hanyar gida. Kakana yakan yi gyangyaɗi a kansa ya farka a ƙofar zaure. Motar ba ta san komai ba, duk dutsen da ta taka kai ka zaɓa mata, in ta faɗi ba wanda za ka daka wa sanda. Ina jin abin da ke riƙe dattawan nan ke nan, har su wuni a kan tsibin duwatsun da yaro zai tsallake da taku uku.

Da yamma in sun dawo, mai mota ya cire batir, ya zauna da tsohon buroshin haƙori yana sakace yashi daga tsakanin giya, ya ɗiga mai, ya jingine ta a kan kanta. Jakin kakana kuwa, da an sauke masa akumari sai ya nufi juji ya nemi toka ya yi birgima, ya tashi ya kakkaɓe.