Rigar daidaita nutso: Yadda take aiki da abin da ya raba ta da rigar ceto

A duk daminar da kogin Yedzaram da ya ratsa Mubi ya cika ya tumbatsa, ko jirgin kwale-kwale ya kife a kogin Binuwai, masunta da gwanayen iyo ne ake fara kira. Akasarinsu numfashi ɗaya suke riƙewa su nutsa. Ƙwararrun masu nutso kuwa da tukunyar iska suke shiga ruwa, wadda Faransawa biyu, Jacques Cousteau da Emile Gagnan, suka ƙera a 1943, kuma sukan saka wata riga mai jakar iska a cikinta, wadda aka haɗa da tukunyar da siririn tiyo.

Aikin rigar shi ne daidaita nauyin mutum a cikin ruwa. Mai nutso yana ɗaura ɗamarar dalma domin ya iya nutsewa, sannan ya riƙa ƙara wa rigar iska kaɗan-kaɗan har ya tsaya cak a tsakiyar ruwa, bai yi ƙasa ba, bai taso ba. A kogi mai laka wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin da zarar ƙafa ta taɓa ƙasa ruwa ya gurɓace, sai lalube.

Haɗarin yana wajen tasowa. A zurfin mita 10, matsin da ke kan jiki ya ninka na bakin ruwa sau biyu, saboda haka iskar da ke cikin rigar takan matse ta koma rabi. Idan mutum ya kama hanyar sama, iskar sai ta sake kumbura, ta ja shi da sauri, saurin kuma ya ƙara kumbura ta. Shi ya sa ake koya wa ɗalibi ya riƙa sakin iska yana tasowa, kada ya hura rigar don ta ɗaga shi. Tasowar gaggawa na iya fasa huhun wanda ya riƙe numfashi, ko ta sa iskar naitirojin ta yi kumfa a cikin jini, abin da kan kai ga shanyewar jiki ko mutuwa. Ana shawartar mai nutso ya dakata minti 3 a zurfin mita 5 kafin ya fito.

Wanda ya koyi nutso a tekun Legas sai ya rage dalmarsa idan ya zo kogi, domin ruwan daɗi bai kai ruwan gishiri ɗaga mutum ba. Ga kuma tudu: Mubi ta haura mita 500 daga matakin teku, alhali jadawalin nutso na yau da kullum yana buƙatar gyara tun daga mita 300.

Kuskuren da ya fi tsada shi ne a ɗauki wannan riga a matsayin rigar ceto. Rigar ceto ta ƙwarai an ƙera ta ne don ta juya fuskar wanda ya suma sama ya samu numfashi, rigar nutso kuwa ba ta da wannan tabbacin. Ga fasinjan kwale-kwale, rigar ceto ce Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa ta Cikin Gida ta wajabta ya saka kafin jirgi ya tashi.