Amanar Na'ura: Mai Kula da Saba da Ma'aikacin DevOps

A farkon shekarar 2023, sa'ad da sauya fasalin naira ya sa takardar kuɗi ta yi ƙaranci, manomin da ya kai masara kasuwar Funtuwa da falken da ya je sayen dawa Malumfashi duk suka koma ga tiransifa, kuma sau da yawa kuɗi ya bar asusun mai saye bai isa ga mai sayarwa ba, sai ka ji an ce matsalar netwok ce. Alhali kuwa a bayan wannan kalma akwai manyan kwamfutoci da ake kira saba, da ma'aikata iri biyu waɗanda amanarsu ke wuyansu.

Na farko shi ne mai kula da saba, wanda misalinsa kamar makaniken injin gurzar auduga ne a tsakiyar kaka: shi ke girka na'ura, ya ba kowane ma'aikaci izinin shiga gwargwadon matsayinsa, ya adana kwafin bayanai domin ranar musiba, ya farka tsakar dare idan abu ya tsaya. Muradinsa ɗorewa, saboda haka yakan yi ɗari-ɗari da kowane canji, alhali masu rubuta manhaja canjin ne sana'arsu.

Domin sulhunta wannan saɓani aka sami DevOps, lafazin da aka harhaɗa daga kalmomin Ingilishi biyu masu nufin ƙirƙira da gudanarwa, wanda ya shahara bayan taron da Patrick Debois ya shirya a birnin Ghent na Beljiyam a 2009. Na biyu, wato ma'aikacin DevOps, maimakon ya gyara saba ɗaya bayan ɗaya da hannu, sai ya rubuta umarni wanda zai girka ɗari bai ɗaya, ya jarraba kowane gyara kafin ya kai ga jama'a, ya ƙaro na'urori da kansa idan cunkoso ya yi yawa.

Asalin iliminsu kuwa ɗaya ne, domin kowannensu sai ya san manhajar Linux da sha'anin tsaro. Bambancin yana ga rabon alhaki: a dā kula da saba tamkar farali kifaya ne, wanda idan wasu suka tsaya masa ya sauka daga kan saura, amma a tsarin DevOps wanda ya rubuta manhaja yana da kaso a cikin amanar, har zuwa lokacin da alat ya shiga wayar manomi.