Gansakuka da Neman Maganin Ciwon Daji

Duk wanda ya ratsa Sharaɗa ko Chalawa ko Bompai a Kano bayan damina ya san koren yauƙin nan da ke lulluɓe kududdufai da magudanai. Gansakuka ke nan. Idan aka sa ɗigo ɗaya a ƙarƙashin madubin likita, sai a ga halittu birjik, wasu ƙulu-ƙulu, wasu zare-zare, suna rayuwa da hasken rana. Da yawansu ba su iya gudu, ba su da ƙaya, don haka wasunsu da guba suke kare kansu. Gubar nan ce masu binciken magunguna suke bi. Ciwon daji yana tasowa ne idan ƙwayoyin jiki suka ƙi daina rabuwa, saboda haka duk sinadarin da zai hana ƙwaya rabuwa abin dubawa ne.

Daga teku zuwa asibiti

A shekarar 1987, George Pettit na Jami'ar Jihar Arizona a Amurka ya bayyana wani sinadari mai suna dolastatin 10, wanda ya tato daga wani dodon koɗi na Tekun Indiya. Sai a 2001 aka same shi a jikin wata shuɗiyar gansakuka ta tsibiran Palau, aka gane cewa dodon koɗin cin ta yake yi yana tara gubar. Sinadarin yana lalata siraran zaren da ƙwaya ke amfani da su wajen rabewa biyu. Da aka gwada shi shi kaɗai a kan marasa lafiya, bai yi abin da aka sa rai ba. Sai masana suka ƙera irinsa, suka ɗaura shi a kan wani furotin na garkuwar jiki da ke kai shi ga ƙwayar cutar kai tsaye. A 2011 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da maganin, mai suna Adcetris, don ciwon daji na Hodgkin. Shekara 24 ke nan daga ganowa zuwa asibiti.

Ba kowane sinadari ne ya kai asibiti ba. Kamfanin Eli Lilly ya gwada cryptophycin, wanda asalinsa gansakukar Nostoc ce, amma ya dakata saboda yana lalata jijiyoyin marasa lafiya. Abin da ya kashe ƙwayar cuta a kwalbar gwaji bai zama magani ba tukuna.

Ta kusa da mu

A gefen Tafkin Chadi, matan Kanembu sun daɗe suna kwasar gansakukar da ake kira spirulina daga tafkunan kanwa. Sukan zuba ta a rami cikin rairayi, ruwa ya tsane, rana ta busar da ita, su yanka ta gunduwa-gunduwa su kai kasuwa a yi miya. Dihe suke ce mata. Abinci ce mai gina jiki, kuma ana nazarin shuɗin launin da ke cikinta. Amma babu wani gwaji a kan mutane da ya tabbatar tana warkar da ciwon daji.

Matsayin Kano

Kano tana da rana da zafin da gansakuka ke so. Matsalar ita ce ruwan. Majemun zamani suna jima da gishirin kuromiyam, masana'antun yadi suna zubar da ruwan rini. Dagwalon Sharaɗa da Chalawa yana gangarawa Kogin Chalawa, na Bompai kuwa ya bi rafin Getsi ya faɗa Kogin Jakara, inda manoma ke ban ruwan latas da kabeji. Wani nau'in kuromiyam yana cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa ciwon daji. Gansakuka kuwa tana zuƙe irin waɗannan ƙarafa ta riƙe su a jikinta.

Saboda wannan hali nata, gansakuka tana da amfani biyu da bai kamata a gauraya ba. Ana iya kiwon ta a tafkunan tace dagwalo, ta rage guba kafin ruwa ya isa gona. Wadda ta yi wannan aiki ba ta ciwuwa, ba ta shiga magani. Ta magani sai a ruwa mai tsabta, da irin da aka tantance, domin wasu nau'o'in suna fitar da gubar da ke cin hanta. A 1996, a garin Caruaru na Burazil, fiye da mutum 50 masu wankin ƙoda suka rasu saboda ruwan da wannan guba ta gurɓata.

Masu bincike a Jami'ar Bayero da cibiyar binciken magunguna ta ƙasa da ke Abuja suna da fili a nan: a tattara nau'o'in da ke ruwayenmu, a san sunayensu, a gwada sinadaransu. Aiki ne na shekaru, mai bukatar kuɗi da haƙuri. Kafin nan, mai karatu, idan ka ji ƙari a jikinka, ko wani naka ya ji, kada wani mai tallar koren garin gansakuka ya ɓata muku lokaci. Ku garzaya asibiti tun cutar ba ta yi nisa ba.