Gaskiya ko Jita-jita: Yawon Ganin Namun Daji a Ƙasar Damagaram

Idan aka ambaci yawon ganin namun daji da masaukai masu kiyaye muhalli, hankalinmu kan tafi Kenya ko bakin tekun Zanzibar, domin hotunan da wayoyinmu ke nuna mana ke nan. A Tirmini, inda babbar hanyar Maraɗi zuwa Damagaram ta ratsa, da wuya a sami wanda zai ce harkar ta shafe shi. Alhali wasu dabbobin da masana ke ƙetare teku domin su gani a cikin jiharmu suke. Ga maganganun da muka fi ji, da abin da ke ƙarƙashinsu.

"Namun dajinmu sun ƙare tuntuni, babu abin gani"

Wannan magana tana da tushe, shi ya sa ta yi ƙarfi. Dattawa suna tuna lokacin da ake karo da barewa a bayan gari. Yau wancan dajin ya zama gonakin gero da wake, farin 1973 da na 1984 suka yi ɓarna, bindiga da mota suka ƙarasa saura. Wanda bai wuce Takeita ko Mirya ba, abin da idonsa ya gani ya faɗa. Sai dai jihar Damagaram ta miƙe nesa da Mirya. Can arewa maso gabas, a ƙasar Tasker, akwai duwatsun Termit, waɗanda gwamnati ta haɗa da rairayin Tin Tumma ta mai da su gandun daji a watan Maris na 2012, mai faɗin kusan murabba'in kilomita 97,000 a lokacin. Akwai barewa, da ragon dutse, da tuji, da rabbi na sahara. Nan ne kuma mafakar ƙarshe ta adaks a Nijar, farar dabba mai murɗaɗɗun ƙahoni wadda kan yi watanni ba ta sha ruwa ba, laimar ciyawa ta ishe ta. A Kelle, cikin gundumar Gure, ana kiwon jimina mai jan wuya, wadda ta ɓace daga dajin Nijar, da niyyar mayar da ita. Amma kada mu wuce gona da iri: ƙidayar da aka yi a watan Maris na 2016 adaks uku kacal ta gano, kuma ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta ɗora laifin kan farauta da hayaniyar aikin man fetur a yankin. Ba su ƙare ba, amma wasunsu suna bakin ƙarewa.

"Yawon buɗe ido sai ƙasar da ke da teku"

Tallan kamfanonin tafiye-tafiye ne ya dasa mana wannan. Ba mu da teku, amma muna da tafkuna. Tafkin Lasuri ya shiga jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar a 2005, na Gidimuni da na Madarunfa suka biyo baya a 2019. Da sanyi, tsuntsayen da suka gudo daga hunturun Turai suna sauka cikin kirinjijiya da dinyar gida. Akwai masu biyan kuɗin jirgi domin wannan kaɗai.

"Raƙuman dawa na Nijar a killace suke, kamar a gidan zu"

Ba shinge ko ɗaya. Raƙuman dawa na Kure, kimanin kilomita 60 daga Yamai, suna yawo ne cikin gonakin mutane, suna cin ganyen gawo, wani lokaci su ɗanɗana waken manomi da mangwaronsa. Irinsu ya taɓa bazuwa daga Senegal har Tafkin Chadi, amma a 1996 guda 49 suka rage a duniya, duka a yankin Kure. Yanzu sun haura 600. Abin da ya cece su bai wuce hana farauta da haƙurin manoma ba, kuma haƙurin bai zo a banza ba: 'yan jagora daga ƙauyukan suke, ƙungiyoyin kare dabbar kuma sun shigo da rijiyoyi da ƙananan basussuka ga mata. A 2018 aka ɗauki takwas a mota zuwa gandun Gadabeji na jihar Maraɗi, inda aka yi kusan shekara 50 ba a ga irinsu ba, aka ƙara huɗu a 2022, har sun fara haihuwa. Ruɗanin ya samo asali ne daga yadda yawancinmu a gidan zu muka fara ganin naman daji, sai muka ɗauka kiyayewa ita ce kullewa.

"Masauki in dai na laka ne da rufin ciyawa, to mai kiyaye muhalli ne"

Nan ne aka fi yaudarar baƙo, kuma sau da yawa ba da gangan ba. Gaskiya ne ginin ƙasa mai kaurin bango, irin na unguwar Birni a Damagaram, yana riƙe sanyi da rana ba tare da na'ura ba. Amma bango ba ya ba da labarin duka. Sai a zagaya bayan ɗakin. Ina ake ɗebo ruwan wanka, shin daga rijiyar da matan gari da makiyaya ke layi a kanta ne? Da wane itace ake girki, busasshe ne ko ɗanyen gawo da aka sare? Azarar rufin, giginya nawa ta ci? Ledar ruwan da baƙi suka sha, ana tattarawa ne ko iska ke kai ta daji, inda akuya da barewa ke haɗiye ta? Mai gadi, mai girki da ɗan jagora 'yan garin ne, ko da su aka zo daga birni? Ɗakin siminti mai hasken rana da ma'aikata 'yan ƙauye yana iya fin bukka mai kyan hoto tsafta a wannan lissafi. Kuskuren yana yaɗuwa ne saboda kyamara bango take ɗauka, ba ta ɗaukar rijiya. Mu da manomanmu suka sake raya miliyoyin gawo a gonaki ta hanyar barin toho ya girma, bai kamata wani allon masauki ya koya mana darajar itace ba.

"Mai kallo ba ya cutar da dabba, tunda ba harbi ya yi ba"

Yana iya kashe ta. Dabbar sahara da awo take kashe ƙarfinta da ruwan jikinta. Idan direba ya bi adaks ko barewa a guje domin baƙo ya sami hoto na kusa, tana iya faɗuwa ta mutu bayan motar ta wuce, kuma ba wanda zai sani. Uwa kan rabu da ɗanta, tuji kan bar ƙwansa. Shi ya sa ɗan jagoran kirki ke tsayar da mota nesa, ya kashe inji, ya ce a jira.

"Sayen ɗan barewa ko kunkuru a kasuwa ceto ne"

Tausayi ne ke kawo wannan, kuma ba abin zargi ba ne. Amma kuɗin da muka biya yau shi ke mayar da mai kamun daji gobe, sau da yawa kuma sai an kashe uwar kafin a sami ɗan. Wanda ya ga irin wannan ciniki, ma'aikatan gandun daji ya kamata ya sanar.

"Wannan harkar Turawa ce"

Ta zama haka ne domin su suka fi biya, sai aka tsara komai da su a rai. Ranar 9 ga Agusta 2020 ta nuna raunin wannan tsari: 'yan bindiga suka kashe mutum takwas a Kure, Faransawa shida ma'aikatan agaji da 'yan Nijar biyu, direba da ɗan jagora. Aka rufe yankin, baƙin waje suka ɗauke ƙafa, 'yan jagora suka rasa abin yi. Barazanar ba wasa ba ce, kuma Termit ba wurin da mutum zai kama hanya shi kaɗai ba ne. Sai da izinin hukumar gandun, da mai sanin rijiyoyi, da jin ta bakin jami'an tsaro. Sai dai ba kowace tafiya ce ke bukatar ayarin motoci ba. Daga Tirmini zuwa Gidimuni kwalta ce, ana zuwa a dawo a yini guda, kuma makaranta ko ƙungiyar matasa na iya haɗa kuɗin mota tsakanin Disamba da Fabrairu, lokacin da tsuntsayen ƙaura ke kan ruwa.