Idan Burkin Tsohuwar Mota Ya Yi Laushi

Har yanzu a tashoshin Maraɗi da Damagaram da Tawa akan ga tsofaffin motocin Peugeot, waɗanda jama'a ke kira Fijo, suna ɗaukar buhunan gero da albasa zuwa kasuwannin ƙauye. Ƙirar 404 ta fito a Faransa a shekarar 1960, aka ci gaba da harhaɗa ta a Kenya har 1991. Ƙirar 504 kuwa ta fito a 1968, kuma masana'antar Kaduna, wadda aka buɗe a 1975, ta yi ta harhaɗa ta har cikin shekarun 2000. Motoci ne masu jure wahala, amma akwai wata cuta da ke yawan kama su a tsufa: direba ya taka burki, ya ji ƙafarsa ta nutse kamar ya taka auduga.

Dalilin haka yana cikin yadda burkin ke aiki. Idan aka taka feda, sai ta tura fistin cikin babban famfo, wanda makanikai ke kira metir-silindir. Famfon ya tura mai cikin bututun ƙarfe da tiyon roba har ƙafafu huɗu. Ruwa ba ya matsuwa, saboda haka ƙarfin ƙafar direba yana isa taya gaba ɗaya. Iska kuwa tana matsuwa. Kumfa kaɗan cikin bututu ya isa ya shanye ƙarfin da ya kamata ya tsayar da mota. Wani Ba'amurke mai suna Malcolm Loughead ne ya fito da burki mai aiki da mai wajen ƙarshen Yaƙin Duniya na Farko, shi ya sa har yau a ƙasashen da ke amfani da Faransanci ake kiran man burki da sunan Lockheed.

Makaniken kirki ba ya fara kwance komai. Yakan fara duba kofin mai. In ya ragu sosai, to, galibi akwai inda yake zuba, domin man burki ba ya ƙonewa kamar na inji. Sai a leƙa bayan kowace taya: danshi a jikin tambur ko a gefen taya na ciki alama ce cewa ƙaramin silinda ya fara yoyo. Wani lokaci kuma ba a ganin ko ɗigo a ƙasa, saboda man yana tsiyaya ta bayan babban famfo ya shige cikin gangar da ke taimaka wa ƙafar direba.

Bayan haka sai a zauna a taka, domin laushi iri-iri ne, kuma kowane da maganarsa. In fedar tana yin taushi tana dawowa kamar soso, kuma ta ɗan yi ƙarfi bayan an taka sau uku ko huɗu, iska ce. In tana tafiya nesa amma ta tsaya da ƙarfi a ƙasa, galibi takalman burkin ne suka ci, suka yi nisa da tambur. Wannan ya fi yawa a 404 da kuma 504 mai ɗaukar kaya, masu tambur a baya. Gwajinsa ba wuya: a ja burkin hannu, a sake takawa, in fedar ta hau sama, takalman baya ne ke son a matso da su ko a canja su. Mutane da yawa sun ɓata yini guda suna fitar da iskar da babu ita, alhali gyaran minti goma ne.

Nau'i na uku shi ne mafi haɗari. Direba ya ɗora ƙafa ya riƙe, sai fedar ta dinga sauka a hankali har ta taɓa ƙasa, ga mai cike a kofi. Robobin cikin babban famfo ne suka mutu, mai yana zagayawa ta gefensu. Tsofaffin ƙirar 404 hanya ɗaya gare su ta mai, ba biyu ba kamar motocin baya-bayan nan. In ta lalace, ƙafafu huɗu sun tafi lokaci guda. Irin wannan mota ba ta cancanci ta bar garaji ba, ko da kasuwar gobe ce.

Akwai kuma burkin da ke lafiya da safe, ya yi laushi da rana, musamman a gangaren tsaunukan Adar wajen Buza da Keita, da lodi a baya. Man burki yana shan raɓa daga iska shekara da shekaru. Sabon mai na DOT 4 ba ya tafasa sai zafi ya kai digiri 230, amma in ya sha ruwa ma'aunin yakan sauko wajen 155. Na DOT 3 daga 205 zuwa 140. In ya tafasa sai ya zama tururi, tururi kuwa yana matsuwa kamar iska. Shi ya sa ake canja shi duk shekara 2. Ana jin labarin direbobin da ke zuba ruwan sabulu in mai ya ƙare musu a daji. Ruwa yana tafasa a digiri 100, yana kuma sa tsatsa. Man inji da koren man nan na Citroën sun fi muni, domin suna kumbura robobin Peugeot su lalata su duka.

Tiyon roba ma yakan tsufa, ya dinga kumbura duk lokacin da aka taka. Masu gyara sukan matse tiyoyin duka a hankali da abin da ba zai yanke su ba. In fedar ta yi ƙarfi, babban famfo lafiya yake. Sai a dinga sakin su ɗaya bayan ɗaya har a gano ƙafar da ke da laifi. Tiyon da ya tsattsage kuwa ba a gwada shi, canja shi ake yi.

Fitar da iska aikin mutum biyu ne. Ana farawa daga ƙafar da ta fi nisa da famfo: baya dama, baya hagu, gaba dama, gaba hagu. A sa siririn tiyo a bakin ƙusar fitar da iska, ɗaya bakin cikin kwalba mai ɗan mai. Yaron mota ya taka ya riƙe, maigida ya buɗe ƙusa, ya rufe, sannan a saki feda. In aka saki kafin a rufe, iska ta koma. A riƙa ƙara mai a kofi kada ya ƙafe. Kada kuma yaron ya danna fedar har ƙasa, domin a tsohon famfo ƙarshen ramin ya yi tsatsa, robar da ta bi ta kansa sai ta yage. A sa guntun katako a ƙarƙashin fedar.

In an yi duk wannan amma laushi bai tafi ba a mota mai faifai, a duba ko an musanya mazaunin burkin dama da na hagu wajen ɗaurawa. Iska sama take hawa, don haka dole ƙusar fitar da ita ta kasance a sama. Kafin a ɗora kaya, a gwada motar a fili babu mutane, a hankali tukuna, a ga ko tana ja gefe ɗaya.